Daga gona zuwa fuloti: inda talaka ke rasa ƙasarsa a biranen Najeriya

Duk wanda ya bi gefen Kano ta wajen Ungogo ko Kumbotso, ko ya fita Kaduna ta Rigachikun, ya san wannan gani: bara gero ne tsaye a wuri, bana an share, an kafa turaku, an jibge tifar yashi da bulo. Ƙasar ita ce dai ta jiya, amma kuɗinta ya ninka sau da yawa, domin gari ya iso ta. Wannan ƙarin daraja shi ne dukiya mafi girma da birni ke haifarwa, kuma rigimar filaye kusan duka a kansa take. Manomin da ya gaji gonar kaka da kakanni ba kasafai yake cin moriyarsa ba. Mai ƙaramin ƙarfin da ya tara kuɗi shekara da shekaru ya sayi ɗan yanki a ciki shi ma yakan kwana da fargaba. Dalilin yana cikin doka da takarda, kuma ana iya bin sawunsa ɗaya bayan ɗaya.

Dokar da ke mulkin ƙasa a Najeriya ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashenta na 1 ya ɗauki duk ƙasar da ke cikin jiha ya damƙa wa gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Tun daga ranar babu mai mallakar ƙasa kai tsaye, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. A Arewa wannan tsari bai zo da baƙunta ba, don Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa irinsa tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta shi a dokar 1962. Abin da aka yi a 1978 shi ne shimfiɗa tsarin Arewa a kan ƙasar baki ɗaya. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki, tana nan a sashe na 315 na kundin 1999, don haka gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki: kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24.

Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Ƙasar birni tana hannun gwamna, shi ke ba da haƙƙin zama, shi ke sa hannu a takardar shaida da kowa ke kira C of O, wadda galibi shekara 99 take yi idan ta gidan zama ce. Ƙasar karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙinta na gargajiya, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da ta nemi izinin gwamna ba. To wa ke cewa nan birni ne, can karkara? Gwamna ne, da sanarwa a jaridar gwamnati, bisa sashe na 3. A nan matsala ta farko take. Ranar da aka faɗaɗa iyakar birni ta haɗiye wani ƙauye, takardar fili da ƙaramar hukuma za ta bayar a wurin bayan wannan rana ba ta da ƙarfi, domin ba huruminta ba ne kuma. Mutane da yawa suna riƙe da irin waɗannan takardu a ƙasan akwati, da tambari da sa hannu, ba su san an riga an zare musu ƙafa ba.

Yanzu a duba yadda gona ke zama fuloti. Hanya biyu ce. Ta farko awon gwamnati: hukuma ta karɓi gonaki, ta zana taswira, ta ware hanyoyi da magudanan ruwa da filin makaranta da kasuwa da maƙabarta, sannan ta raba fulotai. Ta biyu ita ce awon igiya. Mai gona ko magada su kira dillali, a zo da igiya da turaku, a auna da ƙafa, a yanka. Mai saye ya biya, a rubuta takardar ciniki a gaban shaidu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, a watse kafin la'asar.

Lissafin da ke tura mutane ga awon igiya ba ɓoyayye ba ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana cin kusan murabba'in mita 465. Idan aka cire kashi 30 cikin 100 na hektar don hanyoyi da wuraren jama'a, abin da zai rage fuloti 15 ne. Mai awon igiya kuwa yakan bar lungu ɗan siriri kawai, a ce kashi 10 cikin 100, ya yanka sauran zuwa 50 da 50, sai ya fitar da kusan 39. Kowane yanki ya yi arahar da lebura ko ɗan tireda zai iya kai hannu, mai gona kuma ya sami kuɗin da gwamnati ba za ta taɓa ba shi ba. Kowa ya yi abin da hankali ya ba shi. Sai bayan shekara goma lissafin gaskiya ke fitowa: gidaje kusan 40 a hekta ɗaya, kowane da shaddarsa kusa da rijiyar maƙwabci, ruwan wanka na bin tsakiyar lungu, motar kashe gobara ba ta shiga, mai naƙuda sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi. Randa hukuma ta tashi fitar da hanya ko magudana kuwa, dole ta bi ta kan ɗakin wani.

A idon doka wannan ciniki yana da rauni ta fuska biyu. Sashe na 36 ya hana yanka gonar karkara zuwa fulotai. Sashe na 22 kuma ya ce mai haƙƙin zama a birni ba zai sayar ko ya jinginar ko ya sauya hannu ba sai da yardar gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da bai bi wannan ƙa'ida ba ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta tabbatar cewa wannan sharaɗi ya shafi har waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin 1978, ta soke jinginar da aka yi ba da yardar gwamna ba. Daga nan bankuna suka ƙara taka tsantsan. Mai gida a unguwar awon igiya, ko da gidan ya kai miliyoyi, ba zai iya kai shi banki ya karɓi jari ba. Hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani cewa an yi ciniki kuma mutanen wurin sun sani, amma doka ba ta ba masu sarauta ikon ba da haƙƙin ƙasa ba.

Me ya hana mutane su je su yi takarda? A bi hanyar a gani. Mai nema zai sayi fom a ma'aikatar ƙasa ko hukumar bayanan filaye ta jiharsa, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Zai kawo takardar ciniki ko ta rabon gado, da hotuna, da shaidar biyan haraji. Sai safiyo mai lasisi ya auna ya dasa duwatsun iyaka ya zana taswira, ofishin babban safiyo ya duba ko wurin bai hau kan filin da gwamnati ta riga ta ware ba. Hukumar tsara birni ta duba ko wurin ya dace da abin da aka ce za a yi da shi. A ƙiyasta daraja, a yanka kuɗin fili da kuɗin rajista da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, sannan fayil ya hau layin jiran sa hannun gwamna. Idan kuma fili mai takarda ne aka saya, akwai kuɗin neman yarda da harajin hatimi da na ribar sayarwa da na rajista. Rahoton Bankin Duniya na 2020 kan sauƙin kasuwanci ya sanya Najeriya kusa da na ƙarshe cikin ƙasashe 190 wajen rajistar kadara, da kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na darajar kadarar da jiran kusan wata uku. Wannan na mai kuɗi ne da lauya, wanda takardunsa suka cika. Mai sayar da kayan miya da zai rufe rumfarsa kowace ranar da ya je bin fayil, nasa lissafin daban ne. Shi ya sa ƙiyasin da ake yawan ambata tun zamanin kwamitin gyaran harkar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2009, ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, shi ne abin da aka yi wa rajista bai wuce kashi 3 cikin 100 na ƙasar Najeriya ba.

Sai babban lamarin, wato ƙwace da diyya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda buƙatar jama'a: hanya, asibiti, bututun mai, haƙar ma'adinai, har da tsara sabuwar unguwa. Sashe na 29 ya faɗi abin da za a biya, kuma a nan ne talaka ke faɗuwa. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ake mayarwa game da ita shi ne kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mutum ya biya gwamnati a shekarar da aka soke, in ya biya. Gini ana biyan kuɗin sake gina irinsa, a cire tsufa. Amfanin gona da itatuwa ana biyansu bisa jadawalin farashi na gwamnati, wanda kan yi shekaru ba a taɓa shi ba alhali naira na zubewa. Manomi mai hekta biyu a bakin gari, idan ma'aikata suka zo ƙidaya da rani bayan an yi girbi, abin da za su rubuta masa mangwaro biyu ne da ɗorawa ɗaya da rijiya. Daga hektocin nan biyu gwamnati za ta fitar da fuloti 30, ta raba wa waɗanda suka iya nema, da yawansu su sayar da takardar rabon tun ba su taka wurin ba. Darajar da gari ya kawo ta tsallake mai gona ta faɗa hannun mai hanya a ofis. Wasu jihohi sun saba ba mai gona kaso na fulotai, kuma hakan ya fi adalci nesa ba kusa ba, sai dai al'ada ce ta gwamnati, ba haƙƙi ba ne da dokar ta rubuta, ana iya canza ta gobe. Ƙari a kan haka, dokar ta tura gardamar yawan diyya zuwa kwamitin rabon filaye wanda gwamna ne ke naɗa shi.

Wannan shi ya sa manomi ke rige-rigen yanka gonarsa da zarar ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe. Dokar diyya da kanta ke haifar da awon igiya, awon igiya ya haifar da unguwa marar hanya, unguwar kuma ta zama hujjar rusau.

Abuja ita ce misali mafi tsanani, domin can ko haƙƙin gargajiya doka ba ta sani ba. Dokar da ta kafa babban birnin a Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, ta mallaka wa gwamnatin tarayya ƙasar baki ɗaya, kimanin murabba'in kilomita 8,000. Shirin farko shi ne a kwashe Gbagyi da sauran 'yan asalin wurin a sake musu matsuguni, amma da aka ga yawan kuɗin sai aka ja da baya, aka bar ƙauyuka da yawa a inda suke. Ma'aikata da leburorin da suka gina birnin, waɗanda ba su da kuɗin haya a Maitama ko Wuse, suka sayi filaye daga sarakunan ƙauyukan nan suka yi gini. Lokacin da Nasir El-Rufa'i ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, aka tashi maido da taswirar asali, wata ƙungiyar kare haƙƙin matsuguni ta duniya, COHRE, ta ƙiyasta mutanen da aka tasa sun kai 800,000. Wanda ya saya daga hannun sarkin ƙauye ba ya cikin masu haƙƙin diyya. Jama'a suka gangara Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja, inda har yau suke ba da awanni da wani babban yanki na albashinsu a kan hanyar zuwa aiki.

A Legas filin bakin ruwa ne ke jawo wa talaka masifa. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen Maroko wa'adin kwana bakwai, ta rushe unguwar mai mutum kimanin 300,000. Wurin yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar, tsakanin Victoria Island da Lekki. A 2012 an ba mutanen wani ɓangare na Makoko, unguwar kan ruwa, wa'adin awa 72 su tashi. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka kori fiye da mutum 30,000 daga Otodo Gbame, unguwar masunta, wasu suka kwana cikin kwale-kwale a kan ruwa da 'ya'yansu. A Yunin 2017 Babbar Kotun Legas ta ce korar da aka yi ba sanarwa ba matsuguni ta saɓa wa tsarin mulki, amma hukuncin ya zo ne bayan an share wurin. Shi ma mai takardar gwamnati ba kullum yake tsira ba: a Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, waɗanda gwamnatin da ta gabace ta ce ta bayar da filayensu.

A duk waɗannan akwai mutumin da ba ya cikin kowane lissafi, shi ne ɗan haya. A unguwannin marasa galihu 'yan haya suna da yawa ƙwarai, kuma idan an shafa jan fenti a bango, mai gida ne kawai ke da abin nunawa. Ɗan haya ya rasa kuɗin shekarar da ya biya, ya rasa kusanci da wurin sana'arsa, yaransa su bar makaranta a tsakiyar zango. Mata ma suna da tasu asarar ta daban, wadda ke faruwa cikin gida. Shari'a ta ba 'ya mace kasonta, ta ba matar mamaci mai 'ya'ya tumuni, amma sau da yawa ba a raba gidan gado, sai babban wa ya yi takarda da sunansa shi kaɗai don a huta da zirga-zirga. Ranar diyya ko sayarwa, sunan da ke kan takarda shi ake kira. Maganin wannan a raba gadon a kotu a karɓi takardar rabo, ko a rubuta sunayen magada duka.

Duk da haka, marar C of O ba hannu rabbana yake ba, kuma wannan ya kamata kowa ya sani. Sashe na 34 da na 36 sun ɗauki wanda ke riƙe da gida ko gona tun kafin 1978 a matsayin mai haƙƙi ko ba shi da takarda, sai dai filin birni da ba a gina ba an taƙaita shi ga rabin hekta. Kotun Ƙoli, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da fili: tarihin gado, takardu, ayyukan mallaka kamar gini da bayar da haya, daɗewar riƙo, da riƙe filin da ke manne da shi. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 kuma ta nuna cewa C of O da aka bayar a kan filin da wani ke da haƙƙinsa tun farko ba ta kashe haƙƙin nan. Soke haƙƙi ma yana da sharuɗɗa: sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba izini, a isar da ita ga mai filin, kuma dalilin ya zama na jama'a da gaske. Kotuna sun sha soke ƙwacen da aka yi don a miƙa wa wani mutum. Matsalar ita ce shari'ar fili kan ci shekaru, katafila kuwa yini ɗaya ya ishe ta.

Don haka mai shirin saye ya fara da bincike a ma'aikatar ƙasa kafin ya ba da ko sisi. Safiyo ya ɗauki lambobin wurin a duba su a kan taswirar gwamnati, don a san ko hanya ce, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko mashigar ruwa, ko filin da aka riga aka karɓa aka biya diyya. Wannan na ƙarshe shi ya fi cin mutane, domin akwai masu karɓar diyya su juya su sayar. Idan gado ne, a ga takardar rabo, magada su sa hannu, har da matan. A tambayi maƙwabta ta kusurwa huɗu. A biya ta banki, a rubuta iyakoki da girma a takardar ciniki. Sannan a kewaye wurin a fara amfani da shi, domin rasit haɗe da riƙo ya fi rasit shi kaɗai ƙarfi a gaban alƙali, kuma fili da aka bari fayau shi ake sayar wa mutum biyu.

Ruwanda ta nuna cewa ana iya yi wa ƙasa rajista da araha. Daga 2009 zuwa 2013 ta auna filaye fiye da miliyan 10, kan abin da bai kai dala 10 ba kowane ɗaya. Ba jira aka yi mutum ya zo ofis ba. An ɗauki hotunan sama, aka horar da matasan kowane yanki, suka bi gona-gona da hoton a hannu, mai fili da maƙwabtansa suka nuna iyaka aka zana, aka kafe sunaye a bainar jama'a don mai ƙorafi ya fito, aka rubuta miji da mata tare. Abin da ya ba su wahala daga baya shi ne kuɗin sauya suna ya yi wa masu ƙananan filaye nauyi, sai wasu suka koma cinikin bayan fage, rajistar ta fara tsufa. An gwada irin wannan tsari a sassan Kano da Ondo, bai dai game ƙasa ba.

Yawancin abin da ake buƙata gwamna na iya yinsa ba tare da an taɓa tsarin mulki ba. Sashe na 45 ya ba shi damar wakilta kwamishina ya riƙa sa hannu a madadinsa. Kuɗin yarda da na rajista jiha ke yanka su, Legas ta rage jimillarsu, haɗe da harajin hatimi da na ribar sayarwa, zuwa kashi 3 cikin 100 a 2015. Jadawalin diyya jami'an jiha ke rubuta shi. Mafi muhimmanci, jiha na iya riga gari isa gona: ta fitar da manyan hanyoyi da magudanai tun wurin yana shuka, ta ɗauki kason hanya da na makaranta daga kowace gona daidai gwargwado, ta mayar wa manomi sauran a matsayin fulotai masu takarda, ta kuma yarda da ƙaramin fuloti na 50 da 50 a cikin awonta. Manomi mai hekta biyu zai rasa kashi 30 ko 40 cikin 100 na faɗin gonarsa, ya tashi da fulotai a bakin hanya waɗanda zai iya sayarwa a fili ko ya kai banki, leburan da ya saya a hannunsa kuma zai gina ɗakinsa a wurin da taswira ta riga ta san da shi.